Maɓalli Na Biyu

Azumin bana bai wahalar da kowa ba. Iska na kaɗawa har la'asar, firij na ta gurnani a kicin, ruwa kuma a famfo yake tun da muka haɗa kai da maƙwabta muka yi burtsatse. A nan Tumfure da an kira magariba kowa sai ya ja ƙofarsa ya sha ruwa da iyalinsa, ba ka jin komai sai ƙarar cokula ta bayan katanga. Jiya ina neman wani tsohon mayafi a ƙasan akwati, hannuna ya taɓo kibod ɗina na da. Na ɗauko na goge shi da bakin zani. Rabin haruffan sun shafe saboda bugu, amma maɓalli na biyu yana nan sabo fil. Ina ganinsa sai na ji ni a Tudun Wada, a bakin tagar nan, gumi na bin bayana.

Wancan azumin a tsakiyar bazara ya faɗo. Wanda bai yi bazarar Gombe a gidan haya mai rufin kwano ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Tun hantsi kwanon ke fara ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Katifa ba ta kwantuwa, siminti ma sai ka yayyafa masa ruwa, ruwan kuma na saye ne. Taransifoman layinmu ya ƙone ana gab da ganin wata, aka ce za a kawo wani, har aka yi Sallah ba mu sa shi a ido ba. Ƙanƙara ta zama abin da ake tafiya nema har wata unguwa, a dawo da ita cikin buhu rabi ta narke. 'Yan ga-ruwa su wuce da kura, ka kira su, su ɗaga hannu su ce na wani ne. Ruwan da na wanke gero da shi, da shi zan wanke kwanuka, sauran in watsa a ƙofar ɗaki. Ummi tana ƙarama lokacin, ƙurajen zafi sun cinye mata wuya da baya. Da la'asar sai hadari ya taso ta gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu jera bokitai, ya yi ta rugugi, ya wuce abinsa ya bar mu da zafin da ya fi na da.

Mijina, Baban Ummi, sunansa Sabo. Keke mai ƙafa uku yake ja, da damina kuma ya yi noma a gonarmu ta Kwadon. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke masara na goyo, abin da muka kwaso bai kai mu ko'ina ba. Ana shirin azumi kuma injin keken ya buga. Sai ya zama yana fita da safe neman ko dako ne, ya dawo da yamma leɓe a fashe, hannu a sake. Mutum ne mai shiru, ko ciwo yake sai dai ka gane a tafiyarsa. Abu ɗaya yake da shi da bai taɓa bari ya faɗi ƙasa ba, mutuncinsa. Rigarsa ko guda ce, a wanke take a goge, ko da dutsen guga na gawayi ne.

Abin da ya riƙe gidan a watan nan kibod ɗin nan ne. Malama Rifkatu, maƙwabciyarmu ta ɗakin ƙarshe, malamar firamare ce mutuniyar Kaltungo, ita ta kawo min shi daga wajen ƙanenta, don ta san na koyi buga rubutu kafin aure. Siriri ne, ba igiya ko ɗaya a jikinsa, ƙananan batura biyu kawai yake ci. Ka kunna bulutut, ya nemo wayarka da kansa, sai ka ga abin da kake bugawa yana fitowa a fuskarta. A samansa akwai maɓallai uku, ɗaya, biyu, uku. Duk wayar da ka haɗa shi da ita sai ya riƙe ta a lamba guda, kuma ba ya mantuwa. Tawa tana kan na ɗaya. Da rashin wuta ya kwantar da masu kwamfuta, ɗalibai masu furojet suka fara biyowa ta hannun Malama suna kawo min aiki.

Ranakun duk iri ɗaya ne. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo in akwai. Gari na wayewa in jingine waya da gwangwanin madara a bakin taga, in ɗora kibod a cinya, in yi ta bugu kafin rana ta tsaya. Da azahar wayar kan ɗauki zafi har ta fara gardama, sai in lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma in aika da ita wajen mai caji. La'asar na yi in jiƙa tsamiya, in tace gasara, in hura gawayi. Abin da nake samu yana sayen gero da ruwa. Bai kai ga ƙosai kullum ba.

A layinmu akwai ciyayya tun kafin mu tare. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, daidai ƙarƙashin tagata, don nan inuwar darbejiya ke kaiwa. Kowane magidanci ya fito da abin da ya sawwaƙa a gidansa. Akwai wata ƙa'ida da ban taɓa jin an faɗa da baki ba, amma kowa ya san ta. Kwanuka a rufe ake ajiye su a tsakiya. Baba Jauro, dattijon layin, shi zai ja wannan nan, ya tura wancan can, ya cakuɗa su, sannan ya buɗe. Ba a tambayar na wa ne, ba a kuma yabon wani kwano a bar wani. Mai kaza ya sha kunun mai kunu ya ce alhamdulillahi. Malama Rifkatu ba ta azumi, amma ba ranar da ba ta aiko da zoɓo ko 'yar kankana ba, ita ma a rufe.

Sai Malam Nura, mai gidan da ke kallon namu. Yana da shagon kayan waya, amma sana'arsa ta gaskiya ita ce sunan da ya raɗa wa kansa, hadimin al'umma. In an yi rasuwa shi zai fara sanarwa a guruf ɗin unguwa. In an kai wa marayu sabulu, marayun na gefe, shi yana tsakiyar hoto. Matsalarsa ɗaya, rubutu. Da yatsa guda yake tsattsagar waya, yana karanta kowace kalma da ƙarfi yana bugawa, layi biyu sai ya ci masa rabin yini. Da ya ji ƙarar kibod ta taga, ya nemi izinin Baban Ummi in riƙa buga masa sanarwa. Na haɗa wayarsa da maɓalli na biyu. Ni na gyara masa ita yadda fuskarta ba za ta riƙa mutuwa da wuri ba, kuma da na danna babban maɓalli saƙo ya tafi. Yana tsaye a waje yana faɗa, ina ciki ina bugawa. Ladana kullum shi ne Allah ya saka. Har na haddace bakinsa: ya buɗe da "Jama'ar Annabi, assalamu alaikum", ya rufe da "Naku har kullum, hadimin al'umma".

Azumi bai yi nisa ba aka yi wata rana da ba ɗalibin da ya zo karɓar aiki. Ba wake, ba mai, ba sukari. Na dama kunu, na ƙara masa ruwa don ya kai, har kana hango gindin ludayi a ciki. Na zuba a kwanona mai shuɗin baki, wanda mahaifiyata ta ba ni, mai ɗan ɓalli a gefe kamar tambarin babban yatsa. Ba matar da ba ta san kwanon nan ba a layin, ya je suna ya je biki. Baban Ummi ya ɗauka ya fita, ban kawo komai a raina ba, ai a rufe yake.

Bayan isha'i Malama Rifkatu ta shigo ba ko sallama, waya a hannu.

"Maman Ummi, kin duba guruf?"

"Wayata na wajen caji. Lafiya?"

Ta miƙo min tata. Kwanona ne, a buɗe, da shuɗin bakinsa da ɓallinsa, kunun nan tsararo a ciki. A gefen hoton ga hannun Baban Ummi da bakin rigarsa mai ruwan toka. Ashe tun kafin Baba Jauro ya taɓa kwanukan Nura ya ɗaga murfin namu ya ɗauki hoto. A ƙasa ya rubuta da yatsansa, harafi na hawa kan harafi: "Jama'a ku duba abin da wani bawan Allah maƙwabcina zai sha ruwa da shi, shi da iyalinsa. Ba zan faɗi suna ba saboda rufin asiri. Mai niyyar taimako ya neme ni."

Ba zai faɗi suna ba. Kwano ya faɗa, riga ta maimaita. A ƙasa mutane na ta jera masa addu'a, shi, ba mu ba.

Washegari mata suka fara shigowa da murya ƙasa-ƙasa, irin ta gaisuwar mutuwa. Wata ta leƙa tukunyata tana tambayar lafiyar Ummi. Da yamma Nura ya zo da kansa da ɗan ƙunshin shinkafa a leda, ya yi sallama da Baban Ummi a zaure. Ina jin su.

"Yaya Sabo, ga abin da bayin Allah suka haɗa. Ka ɗan riƙe nan, in ɗauka, don su ga amana ta isa."

Sai na ji Baban Ummi ya ce, "Mun gode, Malam Nura. A kai wa mabuƙata."

Daga ranar bai ƙara zama a tabarmar nan ba. A cikin ɗaki yake shan ruwa, ɗakin da ya wuni yana shan rana, ya juya wa taga baya, maza na hira a ƙarƙashinta. Sallar magariba ma sai ya zagaya ta bayan layi ya tafi wani masallacin. Abincin da ba shi da yawa ma ya rage ci. Na ga yunwa a gidan nan, ban ji tsoronta ba, amma wannan ya ba ni tsoro. Mutum ne ke narkewa a gabana.

"Baban Ummi, ka fita cikin 'yan'uwanka," na ce masa wata rana. "Ba sata ka yi ba."

Bai ɗago ba. "Da wane kwanon?"

Baba Jauro ya aiko a ba mu haƙuri, wai Nura ƙuruciya ce ke damunsa amma niyyarsa ta alheri ce. Kowa haƙuri, kowa watan yafiya ne. Ni kuwa ina dama kunu ina dama fushi. Na tsani mutumin nan tsana mai tsanani, kuma ban ɓoye wa kaina ba. Na yi tunanin in je in zazzage wa gidansa rashin mutunci, na ga matarsa ba ta yi min komai ba. Na yi tunanin in mayar masa da martani a guruf, na ga kamar in ƙara ɗaga murfin ne da hannuna. Na wanke kwanon na kife shi a can saman kwaba, na daina kallon wajen.

Wata la'asar ina sauri in gama babi, yatsana ya zame ya danna na biyu. 'Yar fitilar kibod ta yi ƙifta-ƙifta, sai ta tsaya cak. Na ci gaba da bugu, ban ga komai a wayata ba. Sai na ji muryar Nura a ƙarƙashin taga: "Kai, me ke damun wayar nan ne?" Na yi maza na danna na ɗaya. Na zauna hannuna a cinya. Ashe kibod bai manta wayarsa ba. Bango ne kawai tsakaninmu, shi kuma bango ba ya hana shi.

Daga nan na fara kula da al'adarsa ta ɗan tsagin labule. Kullum gab da magariba zai zauna a kan dakali, ya buɗe guruf, ya fara tsattsaga yana karantawa. Da ladan ya ɗaga murya sai ya jona wayar da ɗan batirin sola na Baba Jauro, ya bar ta a kan tabarma fuska sama, ya jefa dabino a baki ya ruga don ya samu sahun gaba. Baba Jauro ƙafa ta hana shi zuwa masallaci, a nan yake sallarsa a zaune, shi ne mai gadin kwanuka da wayoyi. Na yi kwanaki ina jira. Wata rana ya gama saƙon kafin kira, wata rana ya tafi da wayar a aljihu. Ban gaji ba. Mai azumin bazara ya iya jira.

Ranar da abin ya faɗo, na ji shi yana gaya wa mutane sabon shirinsa. Wai hoton nan ya taɓa zukata ƙwarai, don haka daga gobe zai fara shiga gidajen mabuƙatan layin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko halin da suke ciki, har tukunya har makwanci. Baban Ummi na zaune a bayana yana ji. Na ga ya sunkuyar da kai, ya tashi ya ɗauki buta ya fita ta baya.

Nura ya fara bugawa yana karantawa. "Jama'ar... Annabi... assalamu... alaikum. In sha Allahu... daga... gobe..."

Ladan ya kira. Ya jona waya, ya tashi, layi ya watse. Baba Jauro ya fuskanci gabas ya ɗaga hannu.

Ko ruwa ban kurɓa ba. Maƙogwarona kamar an zuba masa toka. Na danna na biyu, fitila ta tsaya. Na ƙarasa masa zancensa, da bakinsa, yadda na saba:

"har ranar Sallah, ni Nura na ɗauke wa kowa nauyin ciyayyar layinmu. Kada wani gida ya ƙara fito da kwano. Kowa ya zo da bakinsa kawai, shi da baƙonsa. Ku bar ni in kwashi ladan nan ni kaɗai. Naku har kullum, hadimin al'umma."

Na danna babban maɓalli. Daga ƙasan taga na ji 'yar ƙarar tafiyar saƙo. Na koma na ɗaya, na kashe kibod, na yi bismillah na ɗaga moɗa. Ruwan randa ne mai ɗumi, amma har yau ban sha wanda ya kai shi daɗi ba.

Kafin a sallame sallah magana ta zagaya. Ana dawowa aka yi wa Nura caa. Wannan ya riƙe hannu, wancan ya dafa kafaɗa. Aka karanta wa Baba Jauro, tsoho ya kama kuka, ya ce tun da yake a layin bai ga mai zuciya irin ta yaron nan ba, a ɗaga hannu a yi masa addu'a. Na leƙa. Nura na tsaye da waya a hannu, yana karantawa yana ƙara karantawa, baki a buɗe.

"Baba," ya ce a hankali, "wani ya taɓa wayar nan ne?"

"Ina zaune a nan, ɗana. Ko ƙuda bai sauka a kanta ba."

Yana iya gogewa. Yana iya cewa kuskure ne. Amma saƙon ya riga ya tsallaka wasu unguwanni, har wani babban mutum da Nura ya daɗe yana neman ya san da zamansa ya rubuto da kansa yana jinjina masa. Na ga yatsan nan ya yi ta shawagi a kan waya. Daga ƙarshe ya fara tsattsagawa, wannan karon ba ƙarfi a muryar: "Amin... na... gode."

Da hantsi washegari ya tsaya a bakin tagata, ya gaishe ni har sau biyu.

"Maman Ummi, tambaya ce da ni. Wannan abin naki, yana iya rubutu ko mutum ba ya kusa?"

"Malam Nura, azumi nake, kada ka ja ni da magana," na ce. "Allah dai ya ƙara buɗi. Ko akwai kuskure ne a sanarwar jiya, in buga maka gyara?"

Ya daɗe yana kallon labulen. Ya san in ya ce ni na rubuta, ya amsa ke nan ba shi ba ne, kuma duk addu'ar da ya amsa jiya sai ya mayar. "Babu," ya ce, ya juya.

Girkin layi guda ba na mace ɗaya ba ne, don haka muka ɗunguma gidansa taya matarsa, Maman Khalifa. Ni ce kan gaba. Ita ba ni da komai da ita, na ɗebo mata ruwa, na yi mata daka, na karɓi muciya da ta gaji. Amma in ta zuba mai sai in ce, "Haba, ƙara mana, girkin hadimin al'umma ne fa." Muna tsakiyar hayaƙi, zufa na ɗiga daga haɓa, ta matso kusa da ni ta ce, "Ko shawara bai yi da ni ba, wallahi."

"Manyan mutane haka suke," na ce.

Ta goge fuska da gefen zani. "Ya saba kyauta da kayan mutane. Bari ya ɗanɗana nasa."

Da yammar nan Baba Jauro ya aiko a kira Baban Ummi, ya ce yanzu ai ba mai kwano, kowa baƙon Nura ne, ba shi da hujjar zama a ɗaki. Baban Ummi ya ɗauko rigarsa mai ruwan toka ya karkaɗe ta, ya sa, ya fita. Da na ji gyaran muryarsa a ƙarƙashin tagata, cikin sauran muryoyi, na kife fuska a kan gwiwa na yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Na daɗi ne, amma fushin bai tafi ba.

Farko shinkafa ce da kaji, har da ƙanƙara a cikin zoɓo, Nura na zagayawa yana ɗaukar hoto. Amma "shi da baƙonsa" ɗin nan da na ƙara ya yi aikinsa. Tabarmi suka ƙaru, mutanen da ba mu taɓa gani ba suka riƙa zuwa da 'yan'uwansu. Kaji suka koma kifi, kifi ya koma ɗanwake, ɗanwake ya koma ƙosai ƙanana kamar goro. Babban mutumin nan bai aiko da ko ƙwayar gero ba, addu'a ya aiko, irin wadda Nura ke biyana da ita. Kayan shagonsa suka fara raguwa. Wata rana na danna na biyu don in gani, fitila ta yi ta ƙiftawa ba ta samu kowa ba. Da yamma na hango shi da 'yar ƙaramar waya mai tocila. Ba a ƙara ganin hoton kowa a guruf ba.

Yammar ƙarshe, ana sa ran ganin wata, hadari ya sake haɗowa, ba wanda ya ko ɗaga kai. A ranar ɗalibai biyu sun zo sun karɓi aikinsu, na yi dambun shinkafa da zogale, da man gyaɗa na gaske da albasa, ƙamshi har zaure. Ina leƙe aka fito da abincin gidan Nura. Bokiti ɗaya ne. Baba Jauro ya buɗe, ya sa ludayi, ya ɗago. Kunu ne tsararo, ko daga taga ina hango gindin ludayin. Nura na zaune a bakin tabarma, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Baban Ummi ya shigo da sauri. "Maman Ummi, akwai abin da za a ƙara? Mutumin nan zai ji kunya."

Na miƙa masa wayata. "Fara ɗauko min hoton bokitin."

Ya kalli wayar, ya kalle ni. "Ni ba Nura ba ne."

"To," na ce. Akwai sabuwar kula da Malama Rifkatu ta ara min, tana nan a gabana. Na tsallake ta, na taka kujera, na sauko da kwanon mai shuɗin baki daga saman kwaba. Na ɗauraye shi, na cika shi da dambu har ya yi tozo, na danna murfi.

"Wannan?" ya ce.

"Shi ne mai tsabta."

Ya ɗauka ya fita. Na koma bakin taga, wannan karon ban ɓuya a bayan labule ba. Ya ajiye shi a tsakiya. Baba Jauro ya ja shi nan, ya tura shi can yadda ya saba, duk da ba wani kwanon da za a cakuɗa shi da shi, ya bar shi daidai gaban Nura, ya ɗaga murfi. Tururi ya tashi. Duk wanda ke tabarmar nan ya ga shuɗin bakin, ya ga ɓallin, ya kuma san inda ya taɓa ganinsu. Ladan ya kira. Nura bai motsa ba, tun sahur ba abin da ya shiga cikinsa, idonsa na kan kwanon.

"Bismillah, Malam Nura," in ji Baban Ummi.

Ya sa hannu. Ya ci, ya ƙara, kansa a ƙasa. Ban ɗauke ido ba, kowace loma na raka ta har maƙogwaro. Sau ɗaya ya ɗago, muka haɗa ido ta taga, ya mayar da kai ya ci gaba da ci, don yunwa ba ta bar masa zaɓi ba. A lokacin ne na ji ɗigon farko a kan rufin kwano, sai na biyu, sai ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Maza suka kwashi tabarmi, mata muka fito da bokitai, Ummi na tsalle a tsakar gida ruwa na dukan ƙurajenta. Kwanona ya dawo tas, ko ƙwayar zogale babu.

An sha tambayata daga baya ko na yafe wa Nura abin da ya yi mana, ban taɓa amsawa ba, don ba na son ƙarya. Jiya dai ina zaune da kibod a cinya ina shafa maɓallin nan, Baban Ummi ya shigo daga aiki, ya tsaya a kaina. Duk shekarun nan ban taɓa gaya masa komai ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rataye hularsa ya ce, "Ki cire masa batir, Maman Ummi. Sababbin maƙwabtan nan mutanen kirki ne."

Na ce masa ai babu batir a ciki. Da ya shiga wanka na tashi na duba durowa, akwai guda biyu sababbi.